ƘURI'ARKA SHAIDA CE: NASIHA GA SAMARIN LAJAWA A KAN ZAƁEN KANSILA DA CIYAMAN

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

GABATARWA

Bayan haka, ya ɗan'uwana saurayi Musulmi, dalilin rubuta wannan ɗan littafi shi ne wata magana da na ji a bakin wani matashi bayan mun idar da sallar La'asar. Ana hirar zaɓen ƙananan hukumomi, sai ya ce da ni, "Malam, wannan ai ba zaɓe ba ne, naɗi ne. Wanda ya miƙo mini 'yar dubu biyu shi na dangwala wa, in sayi abin da zan saya." Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Ni kuwa na koma gida maganar tana cina, domin yaron nan ba ya wasa da salla, ba ya shaye-shaye, kuma na tabbata da za a ce ya je gaban alƙali ya yi shaidar zur a kan dubu biyu, wallahi ba zai je ba. To me ya sa abin da yake tsoro a kotu ba ya tsoronsa a bakin akwati? Jahiltar hukuncin abin ne. Saboda haka na ga ya wajaba in yi bayani gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni. Ba na kiranka zuwa ga wata jam'iyya, ba na kuma hana ka wata.

MECE CE ƘARAMAR HUKUMA?

Ka sani, kafin a haife mu, En'e ce ke riƙe da ƙasa. Ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a Nijeriya duka. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya sarara, gaskiya ne. Amma daga baya wani abu ya shige mu: da yake ba a zuwa ƙofar gidan mutum a karɓi kuɗi a hannunsa, sai ya ɗauka dukiyar hukuma ba tasa ba ce, ya daina tambayar inda take zuwa.

Yau ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Jihar Kano, da mazaɓu 484. Wudil tana da mazaɓu goma, Lajawa ɗaya ce daga ciki, tare da irin su Darki, da Utai, da Indabo, da Achika, da Kausani. Kowace mazaɓa kansila ɗaya take aikawa. Daga asusun tarayya kuwa, kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa rabon ƙananan hukumomi ne, wata-wata.

Wane aiki aka ɗora musu? Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa. Akwai kasuwanni, da tashoshin mota, da kwata, da maƙabartu, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sa'an nan suna da hannu a makarantun firamare, da ɗakunan shan magani, da bunƙasa noma. Duba wannan jeri da kyau, ɗan'uwa. Daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwancinka, babu inda ka fita daga hannun ƙaramar hukuma. Shugaban ƙasa yana Abuja, bai san sunan unguwarku ba. Amma kansila ya san rijiyar burtsatsen da ta lalace, ya san kwalbatin da ruwa ya cinye, don ta nan yake bi ya je gida. Mu kuwa sai mu kwana muna musu a kan zaɓen shugaban ƙasa, zaɓen da ya fi kusa da tukunyar gidanmu mu mayar da shi abin dariya.

HUKUNCIN ƘURI'A

Idan ka dangwala wa mutum, me ka yi? Ka yi shaida ne cewa wannan ya cancanci a ba shi amanar jama'a. Kuma ka wakilta shi ya taɓa dukiyar da ke da haƙƙin maraya da gwauruwa da majinyaci a ciki. Shaida da wakilci kuwa babi ne sananne a fiƙihu, ba baƙon abu ba ne.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amana ga masu ita, a kuma yi hukunci da adalci. A aya ta 135 ta wannan sura Ya umarci muminai su tsayu da shaida saboda Shi, ko da a kan kansu ne, ko iyayensu, ko danginsu. To ina wanda ke cewa, "Ɗan unguwarmu ne, ko ɓarawo ne namu ne"? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausaya masa.

Akwai wani hadisin kuma a cikin littattafan nan biyu, wanda ya kamata ya hana mai sayar da ƙuri'a barci. An ambaci mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai: in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Kai malam, wannan ba siffar siyasarmu ba ce?

Yanzu zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Zaɓen ƙananan hukumomin Kano ya zo a 2018, da 2021, da 2024, watau shekara uku-uku. Shekara uku kwana 1,095 ne. Raba naira 2,000 a kansu. Kowace rana ba ta kai naira biyu ba. A kan abin da bai kai naira biyu ba a yini ka sallama maganin mahaifiyarka a asibiti, da bencin da ƙanenka zai zauna a aji. Ko akuya aka saya maka a haka a kasuwar Wudil ai sai ka kai ƙarar dillalin. Kuma wanda ya saye ka ba sadaka ya yi ba, jari ya zuba. A 2024 Hukumar Zaɓe ta Jihar Kano, watau KANSIEC, ta fara sanya kuɗin takardar takara naira miliyan 10 ga ciyaman, miliyan 5 ga kansila, har maganar ta kai kotu. Wanda ya ci bashi ya biya irin wannan, ya raba taliya da sabulu da atamfa, ya sallami 'yan jagaliya, daga ina kake zaton zai fanshe?

WANE NE YA CANCANTA?

Alƙur'ani ya ba mu ma'auni mai harshe biyu. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (A.S.) aiki saboda siffa biyu, ƙarfi da amana. Annabi Yusuf (A.S.) kuma, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, hujjarsa ita ce tsarewa da sani. Saboda haka gemu da ɗage wando kaɗai ba su isa su sa ka zaɓi mutum ba, haka nan digiri kaɗai bai isa ba. Abu Zarri (R.A.) ya fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba, amma da ya nemi muƙami, Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma abin kunya da nadama ne ranar Alƙiyama ga wanda bai ba shi haƙƙinsa ba. Muslim ne ya ruwaito.

A ƙaramin gari irin namu binciken ba shi da wuya. Ɗan takarar kansila ba daga sama ya faɗo ba. Ka san wanda ya taɓa riƙe kuɗin ƙungiya, ka san yadda aka rabu. Ka san wanda aka ba rabon taki ya karkatar. Ka san mai biyan bashi da mai taurin bashi, ka san mai sana'a da wanda ba shi da aiki sai bin gidajen manya. Wanda ya ci kuɗin adashi ba zai bar kuɗin kwalbati ba. Abin takaici har ya kai sai an yi wa 'yan takara gwajin ƙwaya a hukumar NDLEA kafin a tantance su, ana kuma samun masu faɗuwa. Mutanen unguwarsu ba su sani ba ne? Sun sani sarai, shiru suka yi.

INA GARIN YA DOSA?

Nan ne zuciyar maganar. Allah bai hana ƙasar Wudil arziki ba. Ga kogi, ga babban titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa ta. Ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a wadda ake zuwa daga nesa, ana lodin tireloli zuwa Kudu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ga makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Ga ƙasar noma mai ba da gero da dawa da wake da gyaɗa. Amma tsaya a bakin titi ka lura da abin da ke fita da abin da ke shigowa. Sa yana fita da ƙafarsa, da fatarsa da ƙahonsa, ribar sarrafa shi ta tafi wani gari. Yashin kogi yana fita a tifa ana gina birni da shi. Hatsi yana fita da kaka a arha, ya dawo mana da bazara da tsada. Abin da ya fi ciwo, samari suna fita.

Ci-rani ba haramun ba ne, kakanninmu sun yi, sahabbai ma sun yi fatauci. Amma ci-ranin da, mutum ya tafi bayan girbi ya dawo kafin shuka. Na yanzu, saurayi ya sayar da gonar gado ya sayi babur. To ka tuna an hana acaɓa a birnin Kano a 2013, an hana a manyan sassan Legas a 2020 da 2022, an kama babura an murƙushe. Wanda ya sayar da gona ya sayi babur, aka kama babur ɗin, ina zai koma? Gona ba ta tsatsa, ba a kuma kama ta a kan titi.

Ba na raina wahalar da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Mai injin ban-ruwa ya ji a jikinsa, mai kai kaya kasuwa ya ji. A 2025 kuma manoma suka yi ta kukan farashin hatsi ya faɗi alhali taki yana sama. Waɗannan ba kansila ya jawo su ba, ba kuma shi zai warware su ba. Amma ka sani, janye tallafin nan ya sa kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Kai ne ka biya a gidan mai. Ashe kuwa kana da haƙƙin tambayar abin da ya iso Lajawa.

Dubi Annabi Yusuf (A.S.). Da ya ga shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari suna tafe, bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Ya tsara noma, ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a ajiye saura. Tattali ke nan, kuma Annabi ne ya yi shi. Iyayenmu da suka ga farin 1973 sun san darajar rumbu. Manzon Allah (S.A.W.) da ya zo Madina, bayan masallaci ya kafa wa Musulmi kasuwa, yana kuma shiga da kansa yana duba kaya. Shi ne ya sa hannu cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya yi wa mai shi gargaɗi mai tsanani a kan algus. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umarun Dallaji na Katsina littafin Usulus Siyasa, ya nuna masa cewa kula da manoma da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi yana cikin aikin shugaba. Shehu Usmanu kuwa a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ke ɗora wa talakawa karɓe-karɓen zalunci, da cin gaisuwa. Saboda haka wanda ya ce maka maganar kasuwa da taki ba ta malamai ba ce, bai karanta magabatansa ba.

To idan ɗan takara ya zo, kada ka tambaye shi, "Me ka zo mana da shi?" Tambaye shi waɗannan:

1. Kuɗin shiga da ake karɓa a kasuwa da tasha da kara, nawa ne, wa ke karɓa, ana ba da rasit, kuma me aka gina da shi?

2. Wace hanya ce za a fara gyarawa don amfanin gona ya fito da damina?

3. Ina shirin wurin ajiyar hatsi na haɗin gwiwa, don kada manomi ya karyar da kayansa da kaka?

4. Filayen makaranta da maƙabarta da burtali, zai tsare su ko zai yanka fuloti? Toshe burtali shi ne mafarin faɗan manomi da makiyayi.

5. Malamai nawa ne a firamarenmu, kuma suna zuwa? Ɗakin shan magani akwai ma'aikaci da dare?

Wanda ya amsa da zagin abokin hamayya, ka gane ba shi da amsa.

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Wani zai ce: "Malam, an riga an rubuta sakamako." Ba zan yi maka ƙarya ba, maganarka tana da tushe. A zaɓen Fabrairu 2018 jam'iyyar APC mai mulkin jiha ta cinye kujeru 44 duka. A Janairu 2021 ta sake cinyewa. Ranar 26 ga Oktoba 2024 jam'iyyar NNPP, wadda ke mulkin jiha a lokacin, ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484. Jam'iyya ta sauya, al'ada ba ta sauya ba, kuma haka ake yi a yawancin jihohi. Amma me wannan ke nuna maka? Yana nuna cewa zaɓen gaskiya yana faruwa ne tun kafin ranar akwati, ranar da 'yan mutane ƙalilan ke zama a ɗaki su fitar da sunan ɗan takarar mazaɓa. A nan ya kamata a ji muryarku. Idan limamai da dattawa da 'yan kasuwa da samari suka haɗa baki suka ce wane ba mu yarda da shi ba, ga dalili, ko wace jam'iyya ce sai ta yi tunani, domin tana bukatar mutanen nan a babban zaɓe, inda ba ta da tabbas. Kuma Allah ba zai tambaye ka abin da aka rubuta a Kano ba. Abin da hannunka ya yi zai tambaye ka.

Wani zai ce: "Ciyaman ba shi da iko, kuɗin yana hannun jiha." Shekara da shekaru haka abin yake, ta hanyar asusun haɗin gwiwa. Amma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa Tsarin Mulki. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi tana ta kukan ba a aiwatar ba. To ka lura, duk ranar da kuɗin ya sauko kai tsaye, hannun wanda ka zaɓa zai faɗa. In ɓarawo ne, ka matso masa da rumbu kusa ke nan.

Wani zai ce: "Kuɗinmu ne suka sata, in karɓa in zaɓi wanda nake so." Ɗan'uwa, in ka yi masa alkawari ka saɓa, ka yi yaudara. In ka cika, ka sayar da shaida. In kuwa ka tabbata na sata ne, wa ya ce rabonka ne kai kaɗai? Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Na san yunwa ba ta da kara, ba na kuma yanke wa mabukaci hukunci daga kan mumbari. Amma kai da Allah Ya ba lafiya da ƙarfi, kame hannunka ya fi maka.

Wani kuma zai ce: "Siyasa ƙazanta ce, mai addini ya nisance ta." In masu tsoron Allah suka bar kasuwa, wa zai riƙe mudu? Tsarin nan ba mu muka tsara shi ba, kuma yana da aibobi. Amma ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ana tunkuɗe babbar ɓarna da ƙarama, kuma abin da ba a samu dukansa ba, ba a barin dukansa.

BAYAN ZAƁE

Kuskurenmu shi ne muna watsewa ranar da aka rantsar. Sayyidina Umar (R.A.) yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in ya ga ƙari mai shakka ya karɓe rabi ya mayar baitulmali. Annabi (S.A.W.) ya aiki wani mutum karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa, da ba wanda zai kawo masa kyautar. Saboda haka tambayar mai muƙami ba rashin kunya ba ce.

Ku kafa kwamitin unguwa, ku sa dattawa a gaba. Ku rubuta alkawuran da aka yi muku da kwanan wata. Duk bayan wata uku ku gayyaci kansila, ku tambaye shi cikin ladabi, ba zagi, ba jifa, ba ƙage a Facebook. In ya yi daidai ku faɗa, ku yi masa addu'a. Ku kuma daina damunsa da roƙon kuɗin suna da na biki, domin mu ne muke koya musu sata da yawan bani-bani.

Daga ƙarshe, ina gama ka da Allah, kada ka ɗauki gora ko adda saboda ɗan siyasa. 'Ya'yansa suna makaranta, kai kana bayan mota da ƙwaya a aljihu. Wanda za ka sara ɗan garinku ne, gobe sahu ɗaya za ku tsaya, wataƙila ma shi zai ɗauki makararka. Jinin Musulmi ya fi kujerar kansila tsada a wurin Allah.

KAMMALAWA

Ka yanki katin zaɓe. Ka riƙe gonarka da sana'arka, domin mai abin yi ba ya sayuwa da arha. Ka binciki mutum kafin ka yi masa shaida. In ka shiga rumfa, ka tuna yatsan nan da ka sa wa tawada zai yi magana ranar da za a rufe bakuna.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah. In ka karanta ka miƙa wa ɗan'uwanka, wanda bai iya karatu ba ka karanta masa.

Ya Allah Ka shugabantar mana da zaɓaɓɓunmu, kada Ka ɗora mana waɗanda ba sa tsoronKa, ba sa tausayinmu. Ya Allah Ka sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu da dabbobinmu, Ka shiryi samarinmu, Ka ji ƙan iyayenmu, Ka zaunar da Lajawa da Wudil da Kano da Nijeriya lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.